Tambaya da Amsa: Sankarar Nono Mai Jerin Gwano da Masu Bincike a Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubutowa daga Aboabo a nan Kumasi. An yi wa yayata hoton nono har sau biyu ba a ga komai ba, alhali ita tana jin gefe ɗaya ya yi kauri, sai da aka ɗebi nama aka auna sannan aka ce sankara ce wadda ake kira lobula. Ɗanta ya karanta cewa ba a yi bincike sosai a kan irinta ba. Shin gaskiya ne? Su wa ke aikin, kuma mu a Gana muna da rabo a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yayarki lafiya, Ya sa kaffara ne. Maganar ɗan naku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai al'amarin ya fara sauyawa.

Yawancin sankarar nono tana farawa ne a hanyoyin da ruwan nono ke bi, kuma ƙwayoyinta kan dunƙule su zama ƙullutu mai tauri wanda hannu ke ji, hoto kuma ya kama. Ita lobula, wadda take kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na sankarar nono mai yaɗuwa, ƙwayoyinta sun rasa wani danƙo mai suna I-kadarin da ke manne ƙwayoyi da juna, galibi saboda lalacewar ƙwayar gado ta CDH1. Idan muka duba naman a madubin awo, sai mu ga ƙwayoyin sun bi sahu ɗaya bayan ɗaya kamar jerin gwano, suna ratsa lafiyayyen nama ba tare da sun tara gungu ba. Shi ya sa hoton mamogiram kan tsallake ta, mace kuma ta ji kauri ko cika maimakon ƙullutu, kamar yadda ya faru da yayarki. Hoton MRI ya fi nuna iyakarta.

Shekaru da yawa ana zuba masu lobula cikin gwajin magunguna tare da sauran mata, kuma da yake su ne 'yan tsiraru, sai sakamakonsu ya nutse a cikin na jama'a. Akwai kuma wani cikas: gwaji yakan buƙaci ƙari wanda za a iya auna faɗinsa a hoto, ita kuwa wannan cuta idan ta yaɗu takan shimfiɗu ne a jikin hanji, ko tumbi, ko rufin cikin ciki, ko ƙwan mace, ko ƙashi, inda ba a samun abin aunawa, don haka a kan bar masu ita a waje. Babu asibitin da ke da isassun majinyata da zai amsa tambayoyin shi kaɗai, kuma wannan ne ya tilasta wa masana haɗa hannu.

A shekarar 2015 babban shirin nazarin ƙwayoyin gadon sankara na Amurka, TCGA, ya fitar da sakamakon awon sankarar nono 817, 127 daga ciki lobula ne, ya kuma tabbatar da cewa cuta ce mai zaman kanta. A 2016 aka yi taron duniya na farko a kanta a birnin Pittsburgh na Amurka, inda Farfesa Steffi Oesterreich take jagorantar bincike, kuma matan da suka halarci taron a matsayin majinyata su ne suka kafa ƙungiyar Lobular Breast Cancer Alliance a 2017. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin masu ciwon ne da kansu suka tsaya kai da fata sai an saurare su. A Turai ma masana sun kafa gamayyar masu binciken lobula mai suna ELBCC a 2018, cikinsu da Christine Desmedt ta Beljiyam da Patrick Derksen na Holan, kuma ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne daidaita yadda masu awon nama ke gane cutar, tun da an lura cewa ƙwararru kan saɓa wa juna a kan nama guda. Sannan a 2022 wasu manyan cibiyoyi uku na jihohin Pennsylvania da Ohio a Amurka suka haɗa bayanan mata sama da 33,000, suka nuna cewa akan gano lobula bayan ta riga ta girma, kuma takan dawo a makare, wani lokaci bayan shekara goma.

Ta fuskar magani kuwa, gara in faɗa miki yadda abin yake: har yau babu maganin da aka keɓe wa lobula ita kaɗai. Masana a Landan sun gano a 2018 cewa ƙwayoyin da suka rasa I-kadarin suna dogara da wani sinadari mai suna ROS1, abin da ya haifar da gwajin magungunan da ke toshe shi, wato ROLo a Ingila da ROSALINE a Beljiyam. Gwajin GELATO na Holan, wanda ya haɗa kemo da maganin zaburar da garkuwar jiki, mata 23 kacal aka auna, kuma 'yan kaɗan ne suka amfana. Abin da ya fi kwantar da hankali shi ne kusan tara cikin goma na lobula suna rayuwa ne da istirojin, wato sinadarin jikin mace, saboda haka magungunan da ke toshe shi, irin su tamoxifen da letrozole, suna aiki sosai. Wani nazari na 2015 a kan gwajin BIG 1-98 ya nuna letrozole ya fi tamoxifen amfani ga masu lobula da suka daina al'ada, ko da yake ba duk nazarin da ya biyo baya ne ya ga girman bambancin ba.

Game da rabonmu, kusan duk waɗannan alƙaluma daga matan Turai da Amurka aka samo su. Gana tana samun sababbin masu sankarar nono kimanin 5,000 a shekara, kuma ba baƙuwa ba ce a haɗin gwiwa: asibitin Komfo Anokye ya daɗe yana aiki da Jami'ar Michigan, sannan tsakanin 2013 da 2015 an gudanar da binciken Ghana Breast Health Study a Korle Bu da Komfo Anokye da asibitin Peace and Love tare da cibiyar sankara ta Amurka. Sai dai hankali ya fi karkata ga nau'in da ba ya jin maganin toshe istirojin, wanda ya yawaita a matan Afirka ta Yamma. A ganina, gudummawarmu ga binciken lobula za ta fara ne daga ɗakin awo: a rubuta nau'in cutar a kowace takarda, a shigar da shi rajistar sankara ta Kumasi, a kuma adana ɗan naman da aka daskarar a cikin kaki, domin wannan dunƙulen da bai wuce girman akwatin ashana ba shi ne abin da mai bincike zai nema nan gaba.

Ku karɓi kwafin takardar awon ku adana, ku tambayi likitanta ko an gwada naman don ganin ko ƙwayoyin na dogara da istirojin ko HER2 (wani sinadari da ke hanzarta girman sankara), ko MRI zai sauya shawarar tiyata, ko kuma an duba ɗaya nonon da kyau. Idan a danginku akwai wanda ya yi sankarar tumbi da ƙuruciya, ku faɗa masa, domin wani lokaci lahanin CDH1 gado ne. Idan aka ɗora ta a kan ƙwayar magani ta shekara biyar ko fiye, kada ta ajiye don ta ji sauƙi. Ko bayan shekaru ne ta fara jin kumburin ciki da ba ya tafiya, ko saurin ƙoshi, ko rama, ko ciwon ƙashi, ta gaya wa duk likitan da ta gani cewa lobula ta yi, kada a sallame ta da maganin gyambon ciki.