Na je neman abincin halal a Manchesta, sai aka yi mini tayin aiki da takarda

Wani ɗalibi mai karatun digiri na biyu a Manchesta ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum Malam. Wata bakwai ke nan da zuwana Ingila. Ban iya girki ba, don haka gidajen abincin 'yan Asiya nake zuwa, amma sau biyu cikina ya ɓaci, kuma ban san naman wa zan yarda da shi ba. A wani gidan abinci da na saba zuwa na haɗu da wani ɗan ƙasarmu. Ya ce zai sama mini aiki a kicin ɗin, awa 45 a mako, kuɗi a hannu, kuma in na kawo fam 12,000 mai gidan zai ba ni takardar ɗaukar nauyi ta neman bizar aiki idan na gama karatu. Na faɗa wa gida. Baffana ya ce a sayar da filin Hajiya a biya, yayana kuma kullum sai ya ce na samu wuri na manta da su. Barci ya gagare ni. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ko'ina, ka kira gida yau ka ce kada kowa ya taɓa filin Hajiya. Dalilin yana tafe, amma bari mu fara da cikinka, tunda yunwa ce ta kai ka inda ka haɗu da mutumin nan.

A Birtaniya in an ce ɗan Asiya, yawanci mutumin Pakistan, Indiya ko Bangaladash ake nufi. Galibin gidajen da ke rubuta "abincin Indiya" a ƙofarsu ma na mutanen Bangaladash ne, 'yan yankin Sylhet, kuma Musulmi ne. Sai dai kada kamannin fuska ya ruɗe ka. Akwai mabiya Hindu, akwai Sikh, kuma Sikh masu riƙo da addininsu ba sa cin yankan Musulmi, suna da tasu hanyar yanka. Saboda haka tambaya ake yi, kuma ba wanda zai ji haushi don ka tambaya. Ka ce wa mai kawo abinci, "Daga ina kuke sayen nama?" Mai gaskiya zai faɗa maka sunan mahaucinsu nan take, wani ma ya nuna maka takardar shaida a bango. Wanda ya fara kame-kame, ka ci kifi ko ganye ka tashi.

Shaidar halal da za ka fi cin karo da ita iri biyu ce, ta ƙungiyoyi biyu masu tantance naman halal, HMC da HFA. HMC ba ta amincewa da dabbar da aka sumar da ita da lantarki kafin yanka, kuma tana da jerin shagunan da take sa wa ido a shafinta na intanet. HFA ta yarda da sumarwar in dabbar tana da rai lokacin da aka sa mata wuƙa. Wanne za ka bi, wannan tsakaninka ne da malaminka, ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da zan ce shi ne kalmar "halal" da aka liƙa a gilashi da harafin Larabci ba ta isa shaida ba, kowa na iya buga ta.

Maganar ɓacin ciki kuwa, akwai abin da ya kamata a nuna wa kowane sabon zuwa tun makon farko. Jami'an tsafta na ƙaramar hukuma suna zagayawa su duba kicin, su ba da maki daga 0 zuwa 5, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Ingancin Abinci. Shi ne koren tambarin nan da kake gani a wasu ƙofofi. A Wales da Ireland ta Arewa dole ne a liƙa shi, amma a Ingila ganin dama ne, shi ya sa mai maki 1 ba zai liƙa ba. In ba ka gan shi ba, ka sa sunan gidan a shafin hukumar, minti ɗaya ya ishe ka. Ni ba na cin abinci a inda bai kai 4 ba. Ka kuma guji shinkafar da ta daɗe a buɗe a tire tana ɗumi-ɗumi, ita ce ta fi kayar da mutane.

Na san Wilmslow Road a Rusholme aka fara kai ka, inda ake kira Curry Mile, don kusa yake da jami'a. Wurin ya canja, yanzu shagunan shisha da na shawarma sun yi yawa. Ka leƙa Longsight da Levenshulme ta Stockport Road, ka leƙa Cheetham Hill. Akwai kuma ƙananan shagunan da Manchesta ta yi suna da su, masu zuba maka shinkafa da miya kala uku a faranti ɗaya da kuɗi kaɗan, su ne abokan ɗalibi. Ma'aunin da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba shi ne, ka je bayan sallar Juma'a ka ga inda dattawan Pakistan suke zama da iyalansu, da inda direbobin tasi suke ajiye mota da daddare. Ka kuma duba yawan abin da ke takardar abincin. Gidan da ke da kala goma kacal ya fi wanda ya jera ɗari da wani abu sanin abin da yake dafawa.

Kuma abincinsu ya fi kusa da namu fiye da yadda kake zato. Ranar da na fara tsayawa gaban mai gasa naan, na ga ya mari ƙullun a tafin hannu, ya sunkuya ya manna shi a jikin tanderu, ya zaro shi da ƙarfe yana turiri, wallahi gurasar Jakara kawai na tuna. In kana kewar farfesun ƙafa, ka nemi paya. In naman da ya dahu ya yi ligif kake so, nihari, musamman da safiyar Lahadi. Lassi ɗan'uwan kindirmo ne. Mutanen kudancin Indiya ma suna da wani abu, paniyaram, da ake soyawa a tanda mai ramuka kamar masa.

Gidajen 'yan China da Japan da Koriya su ne ke buƙatar ƙarin lura. Ko kaza ka ce a kawo maka, ana iya soya ta da giyar shinkafa, ko a yi romon da ƙashin alade. In kana sha'awar irin wannan girki, ka nemi na Musulmin China, wato Uighur ko masu taliyar Lanzhou, ko na 'yan Malesiya, su ma ka tambaya.

To, mu dawo kan mutumin nan.

Ka san bizarka ta ba ka awa 20 a mako lokacin karatu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne makon daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi, ba a yin 30 wannan makon a rama da 10 a na gaba, kuma awa 20 ɗin jimillar duk wuraren da kake aiki ce. Watannin rubuta kundin digiri ma jami'o'i da yawa suna ɗaukarsu lokacin karatu, don haka ka tambayi taku kafin ka ɗauka hutu kake. Awa 45 karya sharaɗin biza ne kai tsaye, kuma laifi ne a dokar ƙasar. Shi mai gidan abincin, tun Fabrairun 2024 tararsa ta kai fam 45,000 kan kowane ma'aikaci a karon farko, 60,000 in ya maimaita. Shi zai biya ko ya rufe shago ya buɗe wani. Kai kuwa bizarka za a soke, da karatun da aka kashe wa miliyoyi.

Na ga yadda aikin kuɗi-a-hannu yake ƙarewa. Wani yaro ya yi wata uku yana wanke tukwane har ƙarfe biyun dare, hannunsa duk ya tsattsage saboda sabulu da ruwan zafi. Da ya nemi cikon kuɗinsa, sai aka ce masa ya je ya kai ƙara in ya isa. Ya san ba zai iya ba, su ma sun sani. Duk wanda ya sa ka karya doka ya riga ya riƙe maka wuya.

Ita kuma takardar ɗaukar nauyi, wadda ake kira CoS, ba hajar sayarwa ba ce. Kuɗinta a hukumance fam 525 ne, mai ɗaukar aiki ne ke biya, kuma tun ƙarshen Disambar 2024 an hana shi ɗora wa ma'aikaci. Wankin kwano da yankan albasa ba su taɓa shiga jerin ayyukan da ake ba wa bizar aiki ba. Daga 22 ga Yulin 2025 aka ɗaga matakin zuwa aikin mai digiri, har kukun kansa ya fita daga jerin ga sababbin masu nema, albashin da ake buƙata kuma ya koma fam 41,700 a shekara. Akwai ragi ga wanda bai daɗe da gama karatu ba, amma ko shi ya haura fam 33,000. Ka dubi shagon nan da tebura goma ka tambayi kanka ko zai biya ka haka. Abin da ejan, wato mutumin nan, zai yi shi ne ya rubuta cewa kai wani babban manaja ne, aikin da babu shi. Ranar da Ma'aikatar Cikin Gida ta gano, sunanka ne a kan takardar, kuma hukuncin yaudara na iya kai wa hana ka shiga ƙasar shekara 10.

Wani bawan Allah ya zauna a falona da wasiƙa a hannu, shayin da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba. An sayar da shanun mahaifinsa an biya ejan. Takardar ta fito, ya samu biza, amma bai taɓa yin aiki ko na rana ɗaya a kamfanin ba. Bayan 'yan watanni aka ƙwace lasisin kamfanin, aka ba shi kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Ya kira lambar ejan a gabana sau huɗu, a kashe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne a masallaci suka saba, da Hausa suka yi cinikin. Irin waɗannan mutane a gidajen abinci da bakin masallaci suke farauta, don sun san a nan baƙo yake sakin jiki. Zai yiwu ma mai gidan abincin naka bai san ana ciniki da sunansa ba. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halalinsu.

In kana son ka gani da idonka, jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi yana shafin gwamnati na gov.uk, kyauta. Sannan ka tambayi mutumin lambar rajistarsa da hukumar IAA, wadda a da ake kira OISC, domin ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ko lasisin lauya ba laifi ne a Birtaniya. Za ka ga yadda fara'arsa za ta ɗauke. Kada ka ba shi kwafin fasfonka, in kuma ka riga ka ba shi, ka sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku. Shawararsu kyauta ce.

Hanyarka ta gaskiya tana nan. Ka gama karatu lafiya, ka nemi bizar waɗanda suka kammala digiri. Shekara 2 ce ga wanda ya nema kafin 1 ga Janairun 2027, wata 18 daga nan, kuma da ita za ka yi aiki cikakken lokaci ba tare da wani ya ɗauki nauyinka ba. Kuɗin da ya kamata ka fara tarawa nata ne, don harajin lafiya kaɗai fam 1,035 ne a kowace shekara. In kana son aikin gidan abinci yanzu, ba laifi. Mai gaskiya zai nemi lambar tantance izinin aikinka, ya biya ka ta banki da takardar albashi, ya tsaya a awa 20. Kai abinci a keke da manhajojin waya kuwa ka bar shi, aikin kai-da-kai ake ɗaukarsa, kuma an hana ɗalibi.

Saura gida. Baffa ba mugunta yake nufi ba, ya ji an ce takarda ne, a ganinsa jari za a zuba. Amma filin na Hajiya ne, shi ne abin da za ta jingina da shi ran da ƙarfi ya ƙare, kuma in kuɗin ya salwanta ba Baffa za a nuna da yatsa ba, kai za a ce ka cinye filin uwarka. A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka yi masa magana da ladabi, ka ce, "Baffa, na bincika, abin haramun ne a dokar ƙasar nan, in aka kama ni koro ni za a yi." In ka ga ba zai saurare ka ba, ka sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa bayani.

Yayanka kuma ya yi maka rashin adalci, kuma ina so 'yan'uwan da ke gida masu karanta wannan su ji. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa. A wannan lissafin, awa 20 ta ba da fam 244 da 'yan kwabbai a mako, kafin hayar ɗaki, kuɗin bas, wuta da abinci. Ku kuna juya shi zuwa naira ku ga dubban ɗaruruwa, shi kuwa da fam yake biyan haya. Yaron da kuka tura karatu kuka mayar da shi asusun gida tun bai cika shekara ba, ku kuke tura shi hannun ejan. Zumunci bai ce ɗan'uwanka ya jefa kansa a rijiya don ka ji ƙarar shigowar kuɗi a waya ba.

Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ke shigo maka da abin da ke fita a wata, ka ɗauki hotonta ka tura wa yayan naka. Ka yanke abin da za ka iya ba tare da ka ci bashi ba, ko fam 30 ne, ka riƙa tura wa Hajiya kai tsaye a hannunta kowane ƙarshen wata. Kuma ranar Asabar ɗin nan ka shiga shagon 'yan Pakistan ka sayi shinkafa basmati, tumatirin gwangwani, albasa, attaruhu da kaza, akwai kuɓewa ma. Ka kira Hajiya ta bidiyo, ka jingina wayar a jikin tukunya, ta koya maka miyar dage-dage. Za ta ga ɗakin da kake kwana da idonta, kai kuma ka rage zuwa inda mutumin nan yake jiran ka.