Amsa: Hannun Baba bai dawo ba bayan tiyatar dantse

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an yi masa allura a gefen wuya aka gyara karayar dantse, yau kwana biyar ba ya iya ɗaga wuyan hannunsa, kana tambaya ko allurar ce ta kashe hannun.

A ganina da wuya ita ce. Wannan allura tana sagar da jijiyoyin hannu ne kawai, galibi ta sake shi cikin awa 24. Abin da na fi zargi shi ne jijiyar da ke zagaye ƙashin dantse ta baya, wadda ita ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. Karayar kanta kan murje ta, ko a ja ta wajen sa ƙarfe. Yawanci tana farfaɗowa, sai dai da haƙuri, don jijiya tana tsiro ne kamar milimita 1 a rana, wato maganar watanni ce.

Ku koma wurin likitan ƙashin, ko asibitin koyarwa na nan Bauchi, a sa masa madogarin wuyan hannu a fara gashi. Don Allah kada a kai wa mai ɗori ya ja. In yatsun suka kumbura, suka yi sanyi, zafi na ƙaruwa, ku tafi ko da tsakar dare ne.