Mariƙin ƙarfe a hannun babur: ajiye gudumar, duba ɓangaren totur

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka sayi mariƙan alminiyum don ka maye gurbin robar hannun da ta zo da babur ɗinka, na hagu ya shiga amma yana ta juyawa, na dama kuwa ya ƙi shiga sam, har kana tunanin buga shi da guduma. Don Allah kada ka buga. Na sha ɗaura irin waɗannan a kan nawa babur da na abokai, kuma daga yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton musanya su ka yi.

Mariƙan nan biyu ba faɗinsu ɗaya ba, ko da yake ido ba ya saurin ganewa. Yawancin baburan Japan, Indiya da Sin kaurin ƙarfen kansu, wanda ake riƙewa a tuƙa, milimita 22 ne, wato 7/8 na inci. Mariƙin hagu kai tsaye yake hawa kan ƙarfen, don haka raminsa 22 ne. Na dama kuwa a kan bututun totur yake hawa, wannan robar mai tauri da ke juyawa tana jan waya, shi ya sa raminsa ya fi faɗi, 24 ko 25. To in ka sa mai faɗin a hagu dole ya yi ta wasa, ƙaramin kuma ba zai taɓa hawa kan bututun totur ba. Haɗa bakinsu biyu ka leƙa, nan take za ka ga bambancin. Idan kuma duka biyun sun yi maka yawa, to na inci ɗaya aka ba ka, milimita 25.4, irin na Harley-Davidson da wasu manyan babura masu kama da shi. Wannan ba ya gyaruwa da naɗa tef ko cusa gwangwani, sai dai a canza.

Aikin hagu ba shi da wuya. Ka cire tsohuwar robar, ko ka zura siririn sukudireba ka ɗiga ruwan sabulu ka murɗa, ko ka tsaga ta da reza in ba ka buƙatarta. Ka goge ragowar gam ɗin da ke jikin ƙarfen sarai, ka bari ya bushe. Kada mai ko giris ya taɓa wurin. Ka tura mariƙin, ka bar ɗan tazara tsakaninsa da akwatin makunnan fitila, sannan ka ɗaure 'yan ƙananan notunan da ke jikinsa da alanki. Kana ɗaure wannan kaɗan ka koma wancan, kada ka gama da ɗaya tukuna, in ba haka ba mariƙin zai zauna a karkace. Notunan nan jijjigar inji tana kwance su, don haka ɗigon maganin kulle zare mai launin shuɗi, irin Loctite 243, yana da amfani. Ban da mai launin ja, shi sai da zafi yake kwancewa.

Dama ita ce inda magana take, don a nan ran mutum yake.

Mariƙan dama iri biyu ne. Akwai wanda yake hawa kan bututun totur ɗinka na asali, akwai kuma wanda ya zo da nasa bututun a haɗe, da wurin maƙala waya a gindinsa. Idan na farkon ne, duba jikin bututunka bayan ka cire robar. Galibi za ka tarar da 'yan layuka masu tudu da wani leɓe da kamfani ya yi don su riƙe roba. Roba tana miƙewa ta haye su, ƙarfe kuwa ba ya miƙewa. Sai ka bi su da magagari ko samfefa a hankali, kana gwadawa, har mariƙin ya shiga da ƙarfin hannu kawai. Guduma a nan fasa bututun za ta yi, ko ta matse shi a jikin ƙarfen kai.

Ga wurin da mutane suka fi faɗawa: notunan dama ba kan ƙarfe suke cizo ba, kan robar bututun suke cizo. Da ka ɗaure su irin ɗaurin hagu, bututun zai lotsa ya kama ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, totur ya yi nauyi ko ya maƙale a buɗe. Ɗaurin da zai hana mariƙin zamewa ya isa. Ni na fi son in shafa gam ɗin mariƙi kaɗan a ciki, in bar shi ya kwana kafin a hau, notunan su zama taimako kawai. Amma a kula kada gam ya gangara tsakanin bututun da ƙarfen.

Idan mai nasa bututun ne, sai ka buɗe akwatin totur. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da wayarka. Sassauta notun daidaita wayar totur don ta yi lako-lako, ka zare kan wayar daga raminsa. Wasu babura waya ɗaya ce, wasu biyu, ɗaya tana buɗewa ɗaya tana rufewa, kuma ba a musanya su. Ka jera tsohon bututun da sabon ka kwatanta girman da'irar da wayar take naɗuwa a kai. In sabuwar da'irar ta fi girma, murɗawa kaɗan za ta buɗe totur da yawa, babur ya riƙa zabura. In ba su yi kama ba, ni dai ba na sawa, na gwammace in nemi mai hawa kan bututun asali. Wajen rufe akwatin kuma akwai ɗan ƙaramin haƙori a ciki da ke shiga wani rami a jikin ƙarfen kai. Sai ya faɗa raminsa kafin ka ɗaure, in ba haka ba ka karya shi, akwatin ya riƙa juyawa tare da hannunka.

Sai ƙarshen hannun. Idan mariƙin mai rufaffen baki ne, kada ka tura shi har cikinsa ya dafe da bakin ƙarfen, ka bar kamar milimita 2. Idan babur ɗinka yana da waɗannan dunƙulallun ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙarshen hannu, su ma kada mariƙin ya goge su. Ba ado ba ne, nauyinsu ne yake rage jijjiga. Mariƙi mai rufaffen baki yana tilasta ka cire su, kuma a injin silinda ɗaya za ka ji bambancin a tafin hannu tun kafin ka yi nisa.

Kafin ka fita titi, inji a kashe, murɗa totur har ƙarshe ka saki. Ya kamata ya koma da kansa nan take, ka ji ya ce ƙas. Maimaita kai yana tsakiya, sannan ka karya kan gaba ɗaya hagu, ka karya dama. Ka mayar da ɗan wasan da totur yake yi kafin ya fara jan waya, littattafan babura da yawa suna ba da milimita 2 zuwa 6, amma bi abin da naka ya ce. Sannan ka tayar da inji a firi, ka sake juya kan hagu da dama. In ƙarar ta ɗaga da kanta, waya ta yi tsauri ko ta bi hanyar da ba tata ba. Totur ɗin da sai ka mayar da shi da hannu, kada ka hau, ko da zuwa bakin layi ne.

Tunda ka riga ka saya, ba zan ce ka mayar ba, amma ka san abin da ka ɗauko. Alminiyum yana ɗaukar zafi da sanyi fiye da roba nesa ba kusa ba. Babur ya wuni a rana, mariƙin kamar murfin tukunya. Da ruwan sama ko gumi kuma santsi gare shi, kuma duk jijjigar da roba take shanyewa shi miƙo maka ita yake yi, tafiya mai nisa yatsu su riƙa mutuwa. Kyau kam yana da shi, ba ya kuma narkewa ya yi danƙo kamar tsohuwar roba, sai dai launin wasu yana koɗewa a rana. Masu zoben roba a jiki sun fi zallan ƙarfe daɗin riƙo, safar hannu kuma tana rage yawancin matsalar. Wanda yake wuni a kan babur, ni roba mai kyau nake ba shi shawara.

Bayan 'yan kwanaki kana hawa, sake bin notunan da alanki. Kuma idan babur ɗinka na zamani ne wanda totur ɗinsa ba shi da waya, na lantarki ne mai na'urar auna murɗawa a ciki, to ka tsaya ga mariƙin da aka yi domin wannan samfurin kawai. Faɗo sunan babur ɗin da shekararsa, da hoton gindin mariƙin dama, sai mu ga wane iri ne a hannunka.