Amsoshin tambayoyinku: wane lardin Farisa, wato Iran, za a nufa, kuma wace tsaraba ta cancanci kuɗinta?

Wani malamin tarihi daga Zariya ya rubuto cewa kwana goma gare shi na yawon buɗe ido a Iran, guzurinsa kuma ba mai yawa ba ne. Kamfanin shirya tafiya ya ajiye masa hanya biyu a gabansa: ko Tehran da Kum da Mashhad, ko kuma Isfahan da Yazd da Shiraz. Yana son a taya shi zaɓe.

Malam, tunda tarihi ne sana'arka, ɗauki ta biyu, kada ka yi wata-wata. Iran lardi 31 ce, kuma ba duka ne Farisanci yake harshen gida ba. A Tabriz Turkancin Azeri za ka ji a kasuwa, a yamma Kurdawa ne, a Khuzestan akwai Larabawa, kudu maso gabas kuma Baluchawa. Cibiyar Farisanci ita ce tudun nan na tsakiya, daga Isfahan zuwa Yazd da Kerman da Fars, sai Khurasan can gabas. Hanya ta biyu ta ratsa tsakiyar wannan tudu ne.

Fara da Isfahan, wadda take nisan kilomita 450 ko kusa da haka kudu da Tehran. A 1598 Shah Abbas na ɗaya ya mai da ita babban birnin daular Safawiyya, ya sa aka shata dandalin Nakshe Jahan, mai tsawon mita 560 da faɗin mita 160. Kowace kusurwa da abin da aka ajiye mata: babban masallaci a kudu, masallacin Sheikh Lutfullah a gabas, fadar Ali Kapu a yamma, ƙofar kasuwa a arewa. Mai koyar da tarihi zai ga darasi guda a tsaye, yadda sarki ya tara mulki da addini da ciniki a fili ɗaya don idonsa ya riƙa kai wa kowanne. Masu yawon buɗe ido da yawa nan suke tsayawa su koma masauki. Kai ka bi ta cikin kasuwa har ka ɓulla tsohon Masallacin Juma'a, wanda ya girmi dandalin da ƙarnuka, inda sarakunan daular Saljukawa da waɗanda suka biyo bayansu kowa ya ƙara nasa gini. Gadar Siyosepol mai baka 33 tana nan daram, amma kada ka sa rai lallai za ka tarar da ruwa a ƙarƙashinta. Kogin Zayanderud yakan ƙafe wata da watanni saboda fari da kuma janye ruwan zuwa gonaki da masana'antu, kuma abin yana ci wa mutanen garin tuwo a ƙwarya.

Yazd ce nake roƙonka kada ka bari a yanke maka, domin ita ce ake fara sadaukarwa idan kwanaki suka yi kaɗan. Gari ne na ƙasa da tubali da aka kafa tsakanin hamada biyu, Dashte Kabir da Dashte Lut, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2017. Wanda ya san lungunan tsohuwar Agadas zai ji kamar ya taɓa zuwa. Abin da ya kamata ka tsaya ka duba da kyau shi ne dabarar da suka yi wa zafi da ƙishirwa. Kan rufin gidaje akwai dogayen hasumiyoyi masu tsaga-tsaga da suke kira badgir, suna kamo iska daga sama su zuro ta cikin ɗaki, iska mai zafi kuma ta fice ta ɗaya gefen. Ta lambun Daulatabad ta kai wajen mita 33. Ka tsaya ƙarƙashinta da tsakar rana, za ka ji iska tana kaɗa maka riga, babu fanka babu lantarki. Ruwa kuwa daga gindin duwatsu ake jawo shi ta ramin ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangare, wanda ake kira kanat, yana tafiyar kilomita da yawa rana ba ta gan shi ba balle ta shanye. A garin ne kuma za ka sami mabiya addinin Zaradashti, addinin Farisa kafin zuwan Musulunci, da ɗakin wutarsu da tsoffin hasumiyoyin da suke ajiye gawa a kan tuddai a da.

Sai Shiraz, hedkwatar lardin Fars. Ka ware yini guda cur don Takhte Jamshid, wanda Turawa suke kira Fasefolis, kimanin kilomita 60 daga gari. Sarki Dariyus na ɗaya ya fara gina shi wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya ya ƙone shi a 330 kafin haihuwar Annabi Isa. A jikin matakalar babban zauren an sassaƙa jerin wakilan ƙasashe suna kawo gaisuwa, kowa da irin tufarsa da abin hannunsa, wani da raƙumi, wani da raguna, wani da tulu. Tafi da sassafe, wurin babu inuwa. Kaburburan sarakuna da aka fafe a jikin dutse a Nakshe Rustam suna kusa, motar da ta kai ka za ta iya biyawa da kai. A cikin gari, masallacin Nasirul Mulk da aka gama a 1888 da hantsi ake zuwa masa, lokacin da rana take ratsa gilasan tagogi ta zuba ja da shuɗi da kore a kan shimfiɗu. Wanda ya je da azahar ya biya kuɗin shiga a banza. Hubbaren Hafiz da na Sa'adi, manyan sha'iran Farisanci, kowa zai kai ka. Wanda ba za a ambata maka ba sai ka tambaya shi ne kabarin Sibawaihi, limamin nahawun Larabci, wanda shi ma Bafarishe ne, a wata tsohuwar unguwa yake kwance. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure yana karatun nahawu, ya kamata ya je ya yi masa addu'a.

Hanya ta farko ta masu ziyara ce, kuma tana da nata daraja, sai dai Mashhad tana nisan kilomita 900 daga Tehran. Haɗa hanyoyin biyu cikin kwana goma gudu ne kawai, za ka dawo da gajiya da hotuna.

Wata Hajiya daga Maraɗi za ta raka maigidanta ziyara Mashhad. Tana son sayo za'afaran da zoben firuza, wato shuɗin dutsen ado, na tsaraba, tana tsoron a sayar mata da jabu.

Hajiya, kin dace da gari, domin mafi yawan za'afaran ɗin duniya, wajen kashi 90 cikin 100, Iran ce take nomawa, kuma Khurasan ce gonarsa: Ka'in, Gonabad, Turbat Haidariya. Ana tsinkar furen ne a Oktoba da Nuwamba, da hannu, kafin rana ta ɗaga, kowane fure zare uku kacal yake bayarwa. Sai an tsinki fure wajen 150 kafin a sami giram ɗaya. Wannan shi ne dalilin tsadarsa, kuma shi ne dalilin da zai sa ki guji mai araha. Kada ki sayi gari, a gari ake ɓoye algus. Sayi zare, ki nemi wanda suke kira sargol ko negin, ja zalla ba tare da farin gindi ba. Ki ce mai shago ya ba ki ruwa mai ɗumi a kofi, ki jefa zare biyu. Na gaskiya a hankali yake sakin launi, ruwan ya koma ruwan ɗorawa mai haske, zaren kuma ya tsaya ja yadda yake. Idan ruwan ya yi ja nan take, zaren ya koɗe, rini ne aka yi wa gemun masara ko wani fure. Shagunan da suke manne da hubbaren Imam Rida, wanda ake zuwa ziyara dominsa, sun fi tsada, amma ba lallai su fi kyau ba; ki ɗan yi nisa kaɗan, ki taya wuri biyu ko uku kafin ki ce a auna. A gida kuma ki zuba a kwalba mai murfi, nesa da rana da danshi.

Firuza kuwa, ma'adininta yana kusa da Naisabur, an daɗe ana haƙa. A nan ba ni da gwajin kofi da zan ba ki, domin ana rina farin dutse, ana kuma narka roba a yi kwaikwayo har mai ido ya ruɗe. Shago tsayayye mai ba da rasit, shi ne kariyarki. Idan kuɗin sun yi yawa, ki bar zoben ki ƙara za'afaran.

Tunda kuna Mashhad, ku roƙi yini ɗaya daga jadawalin ziyara. Ɗus tana nan bakin gari, mahaifar Imam Gazali, inda ya rasu a 1111, kuma nan hubbaren sha'iri Firdausi yake. Naisabur kuma tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, garin Imam Muslim mai Sahihi, wanda ya rasu a 875. Mongol sun rusa tsohon birnin a 1221, saboda haka kada ku sa ran ganin gidajen wancan zamani. Lambunan hubbaren sha'irai Umar Khayyam da Aɗɗar su ne abin gani yanzu. Ni dai ina ganin ko ƙasar kawai mutum ya taka, tafiyar ta biya.

Wani ɗan kasuwa daga Kano yana tambaya ko dardumar Farisa ta hannu ta cancanci kuɗinta, kuma yaya zai bambanta ta da ta inji.

Alhaji, ta cancanta idan don gidanka ne ko kana da mai saye a hannu. Idan don ka jibge a shago ne, kuɗinka za su kwanta. Juya ta ka dubi bayanta. Ta hannu ƙulli-ƙulli ne, za ka gan su ɗaya-ɗaya, ba su daidaita tsaf ba, kuma zanen gaba yana fitowa sarai a baya. Gezarta ita ce bakin zaren da aka ɗaura saƙar a kai, ta inji kuwa sau da yawa ɗinka mata geza ake yi daga baya. Kum ta yi suna a ta alharini, Na'in da Isfahan a ƙananan ƙulli masu laushi, makiyayan Kashka'i na Fars kuma suna saƙa mai kauri ta gashin tumaki da ake kira gabbe, wadda ta fi sauƙin kuɗi ta kuma fi jure takawar yara. Ka sani Kashan tana saƙa ta hannu, tana kuma cike da masana'antun ta inji, don haka sunan gari kaɗai ba shaida ba ne. Idan an ce maka alharini ne, ka roƙi zare ɗaya a ƙona: alharini ƙaurin gashi yake yi, auduga ƙaurin takarda. Ciniki kuwa, ba sai an koya wa Bakano ba. Abu ɗaya ne zai ba ka mamaki: mai shago ko direban tasi yakan ce ka bar kuɗin, ba komai. Ladabi ne irin nasu, ba kyauta ba ce. Ka nace ka biya.

Wani ɗalibi daga Gusau yana son ya haɗa da kabarin Imam Bukhari. Ɗan'uwa, ba a Iran yake ba. Yana ƙauyen Khartank kusa da Samarkand, cikin Uzbekistan ta yau. Gaskiya ne ana jin Farisanci a Samarkand da Bukhara, kamar yadda ake yinsa a Tajikistan da Herat ta Afganistan, amma wata ƙasa ce, da nata tikitin da nata ƙa'idar shiga.

Abin da ya shafe ku duka: saboda takunkumi, katin Visa da Mastercard ba sa aiki a Iran, sai tsabar dala ko yuro, a canza a shagunan canji masu lasisi. Kuɗinsu riyal ne, amma da toman ake faɗin farashi, toman ɗaya riyal 10, don haka a tambaya kafin a ƙirga. Afrilu da Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne lokacin tafiya. Hutun Nauruz da yake farawa 20 ko 21 ga Maris yakan cika masaukai har kwana 13. Doka ta wajabta wa mata rufe kai, kuma ba a ɗaukar hoton wuraren soja. A Yunin 2025 yaƙin kwana 12 da Isra'ila ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, matafiya suka maƙale. Saboda haka ku bincika halin da ake ciki a makon da za ku biya kuɗi, ku sayi tikitin da ake iya ɗaga ranarsa ko da ya ɗara tsada, kuma ku sa kamfanin ya rubuta muku a takarda abin da zai mayar idan tafiya ta fasu.