Ku Tambaya Mu Amsa: Daga ina YouTube ke samo kuɗin da yake rabawa?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ni da abokina mun buɗe tasha a YouTube muna ɗora barkwanci. Mahaifina ya ce in bari, wai babu kamfanin da zai riƙa raba wa mutane kuɗi haka kawai sai da wata manufa. Don Allah wa ke da YouTube, kuma daga ina yake samo kuɗin?
*Mai karatu daga Zariya*

Wa alaikumus salam. Ka gaida Baba, ka ce masa na ce ya yi gaskiya, ba haka kawai ba ne. Sai dai manufar ba a ɓoye take ba. Ciniki ne, kuma hajar da ake sayarwa ita ce idon mai kallo.

Wasu samari uku ne suka kafa shi a jihar Kalifoniya ta Amurka: Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, dukkansu tsofaffin ma'aikatan kamfanin PayPal. Chen haifaffen Taiwan ne, Karim kuma a Jamus aka haife shi, mahaifinsa ɗan Bangaladash. Ranar 14 ga Fabrairun 2005 suka yi rajistar sunan shafin. Da farko niyyarsu dandalin haɗa soyayya ne, kowa ya ɗauki kansa a bidiyo ya faɗi irin wanda yake nema. Mutane suka ƙi zuwa. Sai suka ce to, kowa ya ɗora abin da ya ga dama. Bidiyon farko ya hau ranar 23 ga Afrilun 2005, Karim ne tsaye gaban giwaye a gidan zu na San Diego yana cewa abin burgewa game da su shi ne dogon hancin nan nasu. Daƙiƙa 19 ne kacal, kuma har yau yana nan.

Zuwa watan Yulin 2006 ana kallon bidiyo sau miliyan 100 a kowace rana a shafin. Jin wannan sai ka ɗauka sun yi arziki, alhali kuɗi fita kawai yake. Duk bidiyon da aka kalla sai sun biya kuɗin ajiye shi da na tura shi zuwa kwamfutar mai kallo, ga kamfanonin waƙa da na talabijin sun fara wasa wuƙa saboda ana ɗora kayansu ba izini. Shi kuwa Google yana da nasa dandalin bidiyon da ya kasa kamo su. A Oktoban 2006 ya sanar da sayen YouTube a kan dala biliyan 1.65, kuma da hannun jari ya biya, ba tsabar kuɗi ba. Kamfanin bai cika shekara biyu da kafuwa ba a lokacin. Mutane da yawa sun ce Google ya sayi rigima, kuma ba a daɗe ba ta zo: a Maris ɗin 2007 kamfanin talabijin na Viacom ya maka su a kotu yana neman diyyar dala biliyan ɗaya, shari'ar da ba a sasanta ba sai 2014. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce Google, ƙarƙashin uwar kamfaninsa Alphabet. Neal Mohan ke shugabantar YouTube tun 2023, bayan Susan Wojcicki, matar da a garejin gidanta aka fara Google ɗin kansa.

Kuɗin kuwa na masu talla ne. YouTube kamar dillali yake: kai ka kawo bidiyo, bidiyon ya tara jama'a, shi kuma ya sayar wa 'yan kasuwa damar yi wa jama'ar talla, ya cire la'adarsa ya miƙa maka saura. Tun 2007 ya fara wannan rabon. A dogayen bidiyo mai tasha na ɗaukar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, kamfani ya riƙe 45. La'adar da nauyi, amma shi ke ɗauke da ajiya da turawa da nemo masu tallar. Sai a 2020 Google ya fara bayyana abin da YouTube ke samu: kusan dala biliyan 15 daga talla a 2019, zuwa 2024 ya haura biliyan 36. Ban da wannan akwai masu biyan kuɗin wata don su yi kallo ba talla, waɗanda suka wuce miliyan 100 a 2024 idan aka haɗa da masu sauraron waƙa.

Shawarar Baba ta ka bar tashar kuwa, ni ba zan shiga tsakaninku ba. Amma kada tasha ta ci maka jarrabawa.

Malam barka da aiki. Ina koyar da girki a tashata, kuma an fara biyana. Wani bidiyona na dambun nama ya samu kallo sama da dubu ɗari uku, amma kuɗin da na gani bai taka kara ya karya ba. Ko cutata ake yi?
*Wata uwargida daga Gombe*

Hajiya, ba lallai cuta ba ce. YouTube ba ya biyan kuɗi don an kalla, yana biya ne don an nuna talla, kuma farashin tallar gwanjonsa ake yi. 'Yan kasuwa ke tayawa, kowa na duba ƙasar da mai kallo yake da abin da ke aljihunsa. Kamfanin inshora a Amurka zai taya idon Ba'amurke da tsada, domin in ya kama mutum ɗaya ya ci riba mai yawa. Masu neman yi wa Bahaushe talla a intanet ba su da yawa, suna tayawa da naira, ga nairar yadda take. Shi ya sa kallo dubu daga Gombe da kallo dubu daga Landan ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da bidiyon iri ɗaya ne. Sannan ba kowane kallo ne ake saka wa talla ba.

Ki duba abu biyu. Idan kin sa waƙar wani a ƙarƙashin girkin, akwai manhajar Content ID da kamfanin ya ɓullo da ita a 2007, a zamanin rigimar haƙƙin mallaka. Tana gane waƙar da kanta, kuma mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallar bidiyon. Na biyu, in gajeren bidiyo ne na Shorts, lissafinsa daban: ana tara kuɗin tallar wuri ɗaya a raba, masu tasha su samu kashi 45 na kasonsu, abin da ke zuwa kan kowane kallo kuwa ƙalilan ne.

'Yan fim ɗin Kano sun daɗe da gane wannan. Da kasuwar faifan CD ta Ƙofar Wambai ta mutu, da yawansu suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango. Amma ki lura da yadda suke cusa tallar mai atamfa da mai filaye da mai maganin gargajiya a cikin shirin da kansu. Wannan kuɗin hannu da hannu ne, dillali bai da kaso. Ke ma mai kayan ƙamshi ko mai tukwane a garinku zai iya biyanki fiye da abin da dalar ke kawowa, sai dai ki bayyana wa masu kallo cewa talla ce, kuma kada ki tallata abin da ba za ki zuba a tukunyarki ba.

Wani ya ce in ba shi kuɗi ya cika mini mabiya dubu don a fara biyana. In ba shi?
*Mai gyaran waya daga Sakkwato*

Kada ka ba shi. Sharaɗin samun kuɗin talla shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90 a madadin awannin. An tsaurara ne a 2018, bayan manyan kamfanoni sun janye tallarsu a 2017 don sun gan ta a jikin bidiyon masu tsattsauran ra'ayi. Mabiyan saye ba sa kallo, kamfanin na goge su, kuma yana iya rufe tashar baki ɗaya. In ka cika sharaɗin da guminka ma sai an duba tashar kafin a amince, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kafin nan za a aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, saboda haka ka rubuta adireshin da wasiƙa za ta iya isa, ba "bayan masallacin Juma'a" ba.