Lasifikana na ƙugi ko ban sa kiɗa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa 'yan kayan DJ a ɗakina: laftof, miksa, na'urar juya faifan garmaho da lasifika biyu masu amfilifaya a ciki. Da na kunna sai wani ƙugi ya tashi, "zuuu", ko ban sa waƙa ba. Na sauya lasifika, bai daina ba. Wani abokina ya ce in karya ƙafa ta uku ta filogi. In karya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka taɓa ƙafar nan. Ita ce wayar ƙasa. Ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfen miksa, ita za ta kwashe ta, in kuwa babu ita, ta jikinka za ta bi. Ƙugin na iya ɗaukewa, amma ranka ka sa a caca.

Abin da kake ji muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Idan na'urori biyu suna haɗe da wayar sauti, kowacce kuma tana da tata hanyar zuwa ƙasa ta soket dabam, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sautin, amfilifaya kuma ta ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa sauya lasifika bai yi maka magani ba.

Ni ma na taɓa kwana a kan wannan matsala. Na zargi miksa, har na fara kwance ta, ashe cajar laftof ce. Da na zare ta laftof ya koma kan batir, ɗakin ya yi tsit kamar an ɗauke ruwan sama. Don haka ka zare komai, ka bar miksa da lasifika kawai, sannan ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya kana kasa kunne. Wanda ƙugin ya dawo da shigarsa, shi ne mai laifi.

In garmahon ne, duba bayansa. Akwai wata siririyar waya mai baki kamar cokali mai yatsu, wadda ake ɗaurewa a kusar da aka rubuta GND, wato ƙasa, a bayan miksa. Da yawa sukan bar ta tana reto. Ɗaure ta tamau, ka kuma matsar da caja daga kusa da kan allurar garmahon.

In caja ce, fara da jona dukkan kayan a soket guda mai baki da yawa. In bai daina ba, akwai ƙaramar na'ura mai taransfoma a ciki da ake sawa tsakanin laftof da miksa, tana barin sauti ya wuce, amma tana tare wutar da ke zagayawa. Daga miksa zuwa lasifika kuma, na fi son wayar XLR mai ƙafa uku a kan wayar RCA mai kai ja da fari, don an yi XLR ne ta riƙa soke hayaniyar da ta kwaso a hanya. Kada ka naɗe wayar sauti da ta wuta wuri guda. In dole su haɗu, su gitta juna.

Amma in ka taɓa jikin miksa ka ji tana ɗan jan ka, kashe komai ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasan gidan kafin ka sake kunnawa.