Kada ka dafa su sai ka gwada a takarda

Malam, ka ce bayan ruwan makon jiya ka ga manyan naman kaza farare masu laima sun fito a wani filin ciyawa a Samaru, kana tambaya ko irin waɗanda ake ci ne. Don Allah dakata tukuna.

Na daɗe ina tsintar naman kaza da damina, kuma wanda nake yawan gani a fili mai ciyawa, sau da yawa a jere cikin da'ira, shi ne mai guba da masana ke kira Chlorophyllum molybdites. Daga sama ba ka bambanta shi da na ci, wato Macrolepiota procera. Sai ka duba kara. Na ci karansa dogo ne siriri, da zane mai ruwan ƙasa kamar fatar maciji, kuma zoben da ke jikinsa yana zamewa sama da ƙasa. Mai gubar karansa sumul yake.

Amma gwajin da na fi yarda da shi na takarda ne. Yanke hular wanda ya girma, ka kife ta a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kwano ya kwana. Da safe ka ɗaga. Garin da ya zubo in fari ne, da sauran magana. In ya ja kore ko toka-toka mai kore, zubar da shi, ka wanke hannu. Ƙarami ba ya nuna koren nan, ƙasan hularsa fari tas yake, shi ya sa yake rudar mutane. Mai gubar nan cikin awa 1 zuwa 3 yake kawo amai da gudawa mai tsanani.

Wasu irin daban, ƙanana masu kama da su, da duk wanda ka tono ka ga jaka a gindinsa, waɗannan sun fi ba ni tsoro. Gubar wasunsu hanta take ci, dafuwa ba ta kashe ta, kuma sai bayan awa 6 ko fiye mutum zai fara jin jiki, ya ɗan samu sauƙi, hantar kuwa tana lalacewa. Maganar cewa wanda tsutsa ta ci ba ya illa, ba gaskiya ba ce.

In wani a gida ya riga ya ci, ku wuce asibitin koyarwa na Shika yanzu, ku tafi da ragowar a hannu don likita ya gani.